Kunyar 'Yar Fari Ta Zaunar Min Da Yarinya A Benci

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya. Mu nan unguwar Sa'alaba, ƙasa mai tsarki, maigida da ƙananan yara lafiya lau, surukata ce ke fama da gwiwa, sai 'yata ta fari da ta daina cin abinci.

Ƙwallon ƙafa take bugawa a ƙungiyar 'yan mata, har Ɗa'if suke zuwa wasa. Rannan kociyarsu, wata Balarabiya, ta tare ni ta ce, "Hajiya, ya kike ganin wasan 'yarki?" Ka san mu da kunyar ɗan fari, ko sunanta ba na kamawa. Na sunkuyar da kai na ce, "Wannan? Ba abin da ta iya." Sai na yaba 'yar maƙwabtanmu da suke wasa tare. Halas, shi ke nan, tun ranar 'yata a benci take zama.

Ta ce min, "Umma, 'yar maƙwabta kika yaba a gaban kociya, ni kika kushe."

Ranar Asabar mutanen wata jami'a za su zo zaɓen 'yan wasan da za su ba gurbin karatu, kuma ba sa duba na benci. Don Allah a ba ni amsa kafin Juma'a. Zan koma wurin kociyar, amma da wane baki uwa ke yabon 'yar fari?