Mutinta da Rigimar Adireshi

Mai girma Fasto, dattawan gidan Hamweemba, Mama Luyando mahaifiyar marigayiya, ma'aikatan gidajen rediyo, 'yan'uwa, ina gaishe ku. Sunana Chanda Mulenga. An ce in yi magana a madadin abokan aikin Mutinta, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu haushinta nake ji.

Mu shida ne ke kula da manhajar da ke kai sauti daga ƙananan gidajen rediyo zuwa na'urar watsawa. Ma'aikaci zai rubuta adireshin na'urar, lambobi da ɗigo a tsakani, manhajar ta juya shi zuwa abin da inji ke ganewa. In ya kuskure, juyawar ta gagara, komai ya tsaya cak.

Na ce mu sa manhajar ta haɗiye kuskuren ta wuce.

Mutinta ta ce, har da "Ba" ɗinmu ta girmamawa, "Ba Chanda, ta wuce ina? Gidan kakarka?"

Na ce, "Wa zai kasa rubuta lamba huɗu?"

Ta ce, "Kai mana. Ranar Talata ka kasa."

Ta kasance mai taurin kan tsiya. Mako uku ta hana mu sakin aikin, sai da kowane kuskure ya sami saƙonsa: ɗigo ya ɓace, lamba ta wuce kima, an bar gurbi fayau. Ta kasance mai turo gyara kana tsakiyar cin tuwon nshima. Na daina gaishe ta kwana biyu, ba ta ma lura ba.

Da damina ruwa ya taso a kwarin Gwembe. Wata mai gabatar da shiri ta sa waƙafi maimakon ɗigo. Allo ya nuna mata inda ta kuskure, ta gyara, sanarwar ambaliya ta fita, mutane suka kwashe yara da awaki zuwa tudu. Da shawarata aka bi, da tana ta ihu ba mai ji.

Na je ba Mutinta haƙuri. Ta ce, "Gyara layi na casa'in a manhajar tukuna."

Amma wata takwas tana ciwo, in mun tambaya ta ce gajiya ce. Wannan kam ban yafe ba tukuna. Mama, kada ki zargi kanki. Mu da muke zaune da ita kullum ma ba mu gane ba.

Mun gode muku da kuka zo, har daga Monze da Siavonga. Ubangiji Ya sanyaya zuciyar iyalinta, Ya karɓe ta, Ya ba ta hutun da ta ƙi ɗauka a nan. Amin.