Murmushin da Ya Jawo Mari

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni direba ne a wani gida a Abhur, nan Jidda. Mai kula da lambunmu ɗan Tailan ne, mutumin kirki. Na lura su in sun yi laifi murmushi suke yi, kamar yadda mu muke sunkuyar da kai. Shekaranjiya ya fasa tukunyar fure. Kafilinmu, wato maigidan da ya ɗauko mu aiki, na ta faɗa, shi yana murmushi. Sai ji na yi tas, mari! Kafilin ya ce wai raini ne, halas, aiki ya ƙare, ya tattara kayansa.

Haba jama'a, ban haƙuri ya zama laifi? Ina so in fahimtar da kafilin, amma fasfona yana hannunsa. Ku ba ni shawara: in buɗe baki, ko ni ma in koyi murmushin?