Tulun Maigidanta

Ni U Ba Thaung, ban taɓa shiga aji ba, amma guguwar da ta share ƙauyenmu ba ta iya da ni ba. A mashigar jirgin ruwan garin Twante na ji wani ɗan birni mai tara tukwane yana roƙon wata tsohuwa tulun da take ba matafiya ruwan sadaka a ciki.

"Inna, sayar min. Cikin akwatin gilashi zan adana shi."

"Gilashi yana jin ƙishirwa ne, ɗana?"

"A nan fashewa zai yi!"

"Shi ne na ƙarshe da maigidana ya gina kafin ambaliyar guguwar nan ta tafi da shi. Duk matafiyin da ya sha, ladan yana riskar maigidana. In ka kulle tulun, wa zai aika masa?"

"To... miƙo min moɗar, Inna."

"Cika ta sosai. Yau mutane kaɗan suka wuce."