Mikiyar da Ke Ƙarƙashin Ƙafafunmu

Yabo ya tabbata ga Allah, Mai ɗaukaka wanda Ya so, Mai ƙasƙantar da wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugaban taro, mai girma Magajin Gari, shugabar gidan tarihi, 'yan'uwana limamai, maƙwabtanmu na coci, jama'a maza da mata, assalamu alaikum. Ina godiya da kuka ba tsoho dama.

Ga abu na farko. Kun san faifan ƙarfen da muke ɗora ƙafa a kai a wurin alwalar masallacinmu. Ranar da magina suka ɓamɓare shi don gyaran famfo, suka birkice shi, sai ga siffar mikiya a jikinsa ta baje fukafukai, faratanta riƙe da tambarin 'yan Nazi, irin wadda Jamusawa ke kafawa a jiragensu na ƙasa da na ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Innalillahi! A kanta na koyi alwala, a kanta na koyar da 'ya'yanku.

Abu na biyu ya fi girgiza ni. Ɗanmu Nusret, mai tara tsofaffin kayan yaƙi na tarihi, ya zo da tsumma da man goge ƙarfe. Ya ce, "Baba Liman, irin wannan ba ta da yawa a Bosniya. Bari in goge ta, mu rataye ta a bango, mu haska mata fitila."

Inna Zumreta na tsaye, ta daki ƙasa da sandarta. Ta ce, "Kai, ɗan nan! Ka goge ƙeyarka tukuna. Babana ne ya ɓalle ta daga jirgin ƙasan da ya kwashe maƙwabtanmu Yahudawa, waɗanda ko ɗaya bai dawo ba. Da gangan ya kifa ta nan, don kowa ya taka ta sau biyar kullum. Yau kai ne za ka ɗaga ta sama da kaina?"

Jama'a, ga matsayata. Ba na cewa a narkar da ita. Ubangiji Ya tsare gawar Fir'auna don ta zama aya ga na baya, bai tsare ta don a sumbace ta ba. Nusret ya yi daidai da ya so a adana. Ya yi kuskure da ya ce a ɗaga.

Roƙona a kai ta gidan tarihi, a shimfiɗa ta a bakin ƙofa, ƙarƙashin gilashi, fuskarta a sama, domin mai shiga ya gani, ya sani, sannan ya taka. Sunayen waɗanda jirgin ya kwashe su ne za su hau bango. Nusret ya yarda zai riƙe wa Inna hannu, ita za ta fara takawa.

Allah Ya isar wa waɗanda aka zalunta, Ya tsare zuriyarmu daga sha'awar azzalumai, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.