Haruffa Uku a Bayan Sunan Ƙanena

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Sunana Garba, mutumin Dudunni ta ƙasar Kusada. Ɗinki nake yi a Kankiya, kuma a ƙofar gidan hakimi nake sauraronku a rediyo.

Ƙanena Sule kaɗai aka ɗauka makarantar boko daga gidanmu. Baba bai so ba, har ya je ya roƙi dagaci a bar masa yaron a gona, aka ƙi. Daga baya hukumar En'e ta tura shi Ingila ƙaro karatu. Ya gama karatu, saura kwana kaɗan ya hau jirgin ruwa ya dawo gida, ciwon haƙarƙari ya kama shi ya rasu. Can aka binne shi. Akwatinsa kawai ya iso mana, da takardar shaida a ciki, an rubuta N.D.A. a bayan sunansa.

Tun ranar Baba ba shi da wata magana sai guda: "Garba, me yaron nan ya zama? Alƙali ko likita?"

Na kai wa malamin gona na Kankiya takardar. Ya ce haruffan na nufin shaidar ƙwarewa a aikin noma. Noma fa, Malam. Abin da Baba ya so ya koya masa a gonarmu.

Na koma na ce wa Baba ban samu mai fassarawa ba. Yanzu yana kwance ba lafiya, takardar tana ƙarƙashin matashinsa, jiya ma ya sake tambayata.

Don Allah ku ba ni shawara. In faɗa masa gaskiya, ko in bari ya je ya tambayi Sule da kansa?