Kwalba a Kan Rufin Mota

Ina layin sayen burodi a birnin Rosario, inda ake ɗora kwalba a kan rufin mota in za a sayar da ita, na jiyo wani dattijo, jingine da farar mota mai ƙofa huɗu, da wani magidanci da ke duba tayoyinta.

"Baba, na ga kwalba a kan rufin, motar ta sayarwa ce ke nan. Nawa?"

"Ba ni na ɗora ba, 'yata Griselda ce. Wai ba na gani."

"Gaban nan ya lotsa, sai a rage mini."

"Bishiya ce ta tare mini hanya. Me za ka yi da ita?"

"Haya. An rufe masana'antarmu, ga yara a gida. Gaskiya abin da ke hannuna bai kai kuɗinta ba."

"Ni ma ba son sayarwa nake ba. Matata tana gidan kula da tsofaffi a garin Funes. Ba ta gane kowa yanzu, amma duk Lahadi da ta ji hon ɗin motar nan sai ta leƙo taga."

Magidancin ya miƙe tsaye.

"Baba, ai ba na aiki ran Lahadi. Zan riƙa kai ka, kai za ka danna hon ɗin."

"Kowace Lahadi?"

"Ko ana ruwa."

"Kawo abin da ke hannunka, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Dattijon ya kai hannu zai sauke kwalbar, ya yi ta lalube. Magidancin ya kama hannun, ya ɗora masa a kanta.