Gayyar da Na Yi wa Iliya

Iyayena mata da 'yan'uwana, ina gaishe ku a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe hannuna ranar da ni kaina na kasa riƙe shi.

Yawancinku kun san ni. Ga baƙin da suka zo mana daga wasu majami'u kuwa, sunana Saratu, 'yar gidan Baba Ɗanladi na bayan rafi. Ni ce wadda ake cewa ta karanto kwamfuta a Kano ta dawo gida tana sussukar gero. Na ji ana faɗa, ba sai kowa ta sunkuyar da kai ba. Shaidata ta yau ba ta ciwon jiki ba ce. Ubangiji ya cece ni ne daga mugunta, tawa ta kaina, wadda na yi wata da watanni ina kiwonta kamar akuyar Kirsimeti.

Kun san Iliya, ɗan Mama Talatu. Tare muka yi makarantar Lahadi a nan, tare muka yi firamare, tare kuma muka samu shiga makaranta a Kano, sashe ɗaya. Ina zaune gidan gwaggona a Rijiyar Zaki. Shi yana da kwamfuta, yayansa ya saya masa. Ni ba ni da ko ɗaya, sai kai da biro.

A shekararmu ta ƙarshe aka ce kowa ya ƙirƙiro wani abu mai amfani. Ni abin da ke cin raina shi ne Baba. Sau uku yana tuƙa keke zuwa Shanono karɓar takin zamani, sau uku ana ce masa babu sunansa a takarda. Sai na ce zan rubuta manhaja ta waya wadda za a ɗauki sunan manomi da hotonsa da girman gonarsa ko da babu sabis, in an kai inda akwai sabis ta aika da kanta. Na san garinmu. Na san sai mutum ya hau tudun bakin hanya kafin wayarsa ta yi magana.

Masu sana'ar rubuta manhaja suna da wani rumbu a intanet inda kowa ke zuba aikinsa, kuma duk abin da aka zuba, sunan mai rumbun ne ke fitowa a kai. An koya mana haka a aji, ba zan ce ban sani ba. Amma ni 'yar gayya ce. A gayya na girma, inda za a taru a gonar mutum tun safe a nome ta tas, a sha kunu, kowa ya kama gabansa, ba mai cewa nan ni na nome. Da wannan zuciya na zauna gaban kwamfutar Iliya wata bakwai, ina rubutu ina zubawa a rumbunsa. Shi kuma ya zaɓi launin da za a sa a fuskar manhajar. Kore ya zaɓa. Iyakar aikinsa ke nan, Allah ne shaidata.

Bayan mun gama bautar ƙasa, wani kamfani da ke rajistar manoma yana raba musu iri da taki ya yi tallar neman ma'aikaci ɗaya. Mu biyu muka nema, kowa ya ambaci manhajar a takardarsa, aka kira mu biyun. Na shiga ɗakin intabiyu na tarar da mutum uku, maza biyu da mace ɗaya, Hajiya Bilkisu, shugabar sashen. Ta tambaye ni wane ɓangaren manhajar na rubuta da hannuna. Na sunkuyar da kai na ce ai tare muka yi, kowa ya sa hannu. Ta sake tambaya, na sake ba ta wannan amsa. Haka Inna ta raine ni, ɗiya mace ba ta buɗe baki gaban manya ta ce ni na yi. Na fito ina jin na nuna tarbiyya.

Iliya ya shiga bayana, ya buɗe musu rumbunsa. Sunansa a kan kowane layi. Ya samu aikin, kamfanin kuma ya karɓi manhajar ya fara aiki da ita.

Ban yarda ba sai da na ji daga bakinsa. Na tare shi a tasha wata Asabar, ya sauko daga mota da sabuwar jaka a kafaɗa. Na tambaye shi ko ya gaya musu wanda ya rubuta. Ya yi 'yar dariya ya ce:

"Haba Saratu, ai gayya muka yi. Ke ma kin sani, in an tashi gayya, amfanin na mai gona ne."

'Yan'uwana, da a ce mari ya yi mini da na fi jin sauƙi.

Washegari Lahadi, Mama Talatu ta fito godiya a wannan majami'a da sabon zane, tana rawa har gaban bagadi domin Allah ya ba ɗanta aiki. Wa ke kaɗa tulu a zumuntar mata a lokacin? Ni. Ni na kaɗa mata ta taka. Da aka gama waƙar na ajiye tulun a ƙasa, ban sake ɗaukarsa ba har yau. Daga ranar kuma na daina gaishe ta. In ta biyo ta hanyar rijiya sai in ratsa ta gonar dawa. Ta aiko mini da gyaɗa, na zuba wa kaji a gaban idon Inna.

Na tsani Iliya. Ina faɗa a fili domin ku san daga inda aka tsamo ni. Na yi azumi kwana uku, ba don in samu aiki ba, don ya faɗi. Na bi Maganar Allah ina neman duk inda aka ambaci maƙiya ina jan layi da jan biro. Na roƙi Allah ya sa yatsun da ya nuna aikina da su su bushe. In aka ce a yi addu'a domin 'ya'yanmu da ke birni, ina cewa amin, amma a zuciyata ina cire suna ɗaya.

Neman aiki kuwa ban daina ba. Na sayar da awakina biyu na sayi kwamfuta ta hannu. Na aika takardu har na daina ƙirgawa. Wasu ba su amsa ba. Wasu sun ce in nuna aikin da na taɓa yi, ni kuwa ba ni da abin nunawa. Wani ya dube ni ya tambaya yaushe zan yi aure, in na haihu wa zai riƙe musu aikin. Duk ƙofar da aka rufe mini, sai in ƙara ta a kan laifin Iliya.

Bayan kaka, ina sussuka a tsakar gida, sai na tuna wani abu har na saki taɓarya. Lokacin da nake rubuta manhajar na bar wata ƙofar baya domin gwaji, wadda mutum zai shiga ya ga komai, ya goge komai. Kalmar sirrinta sunan tsohon jakinmu ne da ya mutu. Iliya bai san da ita ba, domin bai taɓa karanta abin da ya ce shi ya rubuta ba. Na hau tudun bakin hanya na gwada. Ta buɗe.

Na yi dariya ni kaɗai a kan tudun nan. Na ce Allah ya amsa azumina.

Ban yi gaggawa ba. In na goge a lokacin, za su sake rajista kafin damina, abin ya wuce. Na fi so ya zama ana gobe ko jibi rabon taki, manoma sun yi layi, manya sun zo da motoci, a ce Iliya buɗe mana sunaye, ya buɗe ya tarar da wayam. Wata biyar na jira. Ina zuwa sujada, ina cin Jibin Ubangiji, da wannan abu a cikina.

Saura kwana biyu a fara rabo, na tafi Shanono ranar kasuwa. Na zauna a shagon masu cajin waya da tsakar rana, janareto na ruri a bayana. Na shiga ta ƙofar. Abin da ya rage in danna wuri ɗaya. Sai na ce bari in yi addu'a tukuna. Ku dubi ƙarfin hali! Na rufe ido na ce, Ubangiji, ga ranar da na roƙa, ka sa wa aikin hannuna albarka. Na zo in rufe da sunan Yesu, bakina ya ƙi. Na sake daga farko, ya ƙi. Sau uku harshena yana tsayawa a wuri ɗaya.

Na buɗe ido a fusace. Na ce to, bari in fara neman sunan mahaifin Iliya in kalle shi kafin ya ɓace. Na shiga jerin garinmu. Sunan da ya fara fitowa Ɗanladi ne. Baba. Ga hotonsa da hularsa ta zuwa sujada, ya ƙame kamar wanda za a yi wa allura. Ƙasa da shi Malam Sani, maƙwabcin gonarmu da ke ara mana shanun huɗa kowace shekara bai taɓa duba cewa ba addininmu ɗaya ba. Ƙasa da shi Asabe gwauruwa mai 'ya'ya biyar. Na yi ta saukowa, babu fuskar da ban sani ba.

Domin kada a sake ce wa Baba babu sunansa na rubuta abin nan. Ga ni zan cire sunan da hannuna.

Duk da haka, ku ji gaskiya, yatsana bai janye ba. Zuciyata na cewa danna, Baba zai jure shekara ɗaya. A nan na yi addu'ar gaskiya ta farko cikin wata takwas. Na ce, "Yesu, riƙe hannuna, ni ba zan iya ba." Sai kuka ya ƙwace mini a gaban mutane. Mai shago ya zaci saƙon mutuwa na samu, har ya kashe janareto. Na rufe kwamfutar. Haleluya!

Da na koma gida na tambayi Baba me ya sa bai gaya mini ya yi rajista ba. Ya ce tsoron bakina ya ji. Mahaifina, yana tsoron 'yarsa a gidansa. Abin da na zama ke nan.

Ƙofar bayan manhajar tana nan a buɗe, kuma na san in ban rufe ta ba wata rana zan koma. Sai na rubuta wa Hajiya Bilkisu wasiƙa. Na ce akwai ƙofa kaza a manhajarku, na shiga sau biyu, ga niyyar da na je da ita, ga yadda za a toshe, na sani ne domin ni na gina ta. Na sa cikakken sunana a ƙasa. Baba ya ce 'yan sanda za su zo. Inna ta kasa cin tuwo.

Bayan an gama rabo lafiya Hajiya ta kira ni ofis. Ba ta yi mini fara'a ba. Ta ce da ta ga dama da yanzu ina hannun hukuma, na ce na sani. Ta sa aka kira Iliya, ta ajiye masa kwamfuta ta ce ya nuna mata ƙofar ya rufe. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Fanka na juyawa, shi gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba, na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai, kuma har yanzu ina roƙon gafarar wannan. Can ya ture kwamfutar ya ce, "Hajiya, ita ta rubuta. Duka." Na ja kujera na rufe ƙofar kafin shayin Hajiya ya huce.

Na zaci za ta yabe ni, sai ta hau ni da faɗa.

"Sau biyu na tambaye ki ranar nan. Mace nake nema, na ga alamar ke ce kika rubuta, kika hana ni abin da zan riƙe. Ba wanda ya ce ki yabi kanki, 'yata. Gaskiya aka tambaye ki."

Ta ba ni gwajin wata uku, saboda ta ce wadda ta taɓa shiga ta baya sai an sa mata ido. Na cinye, yau ina aiki a can. Ta tambaye ni me nake gani game da Iliya. "A kore shi" ya zo har bakina. Na haɗiye da ƙyar, na ce ya iya magana da manoma, a tura shi ƙauyuka rajista. Can yake yanzu a kan babur. In ana rana sosai nakan tuna shi, kuma ba kullum da tausayi ba. Ku ci gaba da yi mini addu'a.

'Yan mata da ke can baya, masu son wannan karatu, ku ji ni. Gayya tana da kyau a gona. In kin shiga wannan sana'a, ko da aron kwamfuta kike yi, buɗe rumbunki, zuba aikinki da sunanki. In an tambaye ki me kika yi, ɗaga kai ki faɗa, ba rashin kunya ba ne. In kuma an cuce ki, kai wa Yesu tun abin yana ƙarami, kada ki yi kiwonsa yadda na yi.

Na gode wa Ubangiji da ya ba ni aiki. Na fi gode masa da ya ƙi amsa azumina na kwana uku. Ku dogara gare shi, ya san addu'ar da zai amsa, ya san wadda zai tsayar a harshen mutum.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya fi yi mini wuya. Mama Talatu tana nan a benci na uku. Ba ta san komai ba ranar da ta yi rawar nan, uwa ce tana gode wa Allah. Shekara guda da wata biyu ke nan ina ratsa gonar dawa domin kada mu haɗu, ko bayan na samu aikin ban daina ba.

Mama, ga ni na durƙusa. Ina wuni?